Yadda ake kula da furen wardi a lokacin zafi ya yi ta fure

Wardi ya yi suna da wuyar sha'ani, har wasu na ganin sai gwani ke iya riƙe shi. Na daɗe ina shuka shi, kuma abin da na lura shi ne sabon shiga idonsa kullum na kan fure, alhali aikin yana ga saiwa da ganye. Idan saiwa ta samu sanyi da laima, ganye kuma ya zauna a jikin reshe bai zube ba, fure zai zo da kansa, zubi bayan zubi, kusan duk mako 6 zuwa 8. Yawancin abin da zan faɗa a nan a kan waɗannan biyun yake.

Tun farko ka san irin zafin da ake yi inda kake. Akwai zafi mai bushewa, wanda babu ruwan sama kuma iska na ƙona ganye. Akwai zafi mai ruwa da gumi, wanda ganye ke kwana a jiƙe. Kowanne da irin matsalar da yake kawowa, kuma zan riƙa bambanta su inda ya kamata.

Kayan aiki

- Almakashin lambu mai kaifi, irin wanda bakinsa biyu ke gilma juna. Wanda ke danne reshe a kan faranti murƙushe ɗanyen reshe yake yi, ka bar shi don busasshen itace. Idan babu almakashi, wuƙa mai kaifi sosai za ta yi.
- Safar hannu mai kauri, in so samu ne ta fata wadda ta kai gwiwar hannu.
- Shebur da ƙaramar fartanya.
- Bokiti mai cin lita 10 ko butar ban ruwa. Tiyo ma yana yi, amma bokiti ya fi nuna maka yawan ruwan da ka zuba.
- Takin gargajiya da ya ruɓe sosai, wanda ya yi baƙi ya daina wari.
- Takin zamani mai NPK, ko wanda aka haɗa musamman don wardi.
- Abin rufe ƙasa: busasshiyar ciyawa, busassun ganye, ɓawon itace ko ƙaiƙayi.
- Kwalbar feshi, sabulun ruwa marar ƙarfi, da man darbejiya.
- Sifirit don goge bakin almakashi.
- Igiya mai laushi, idan kana da wardi mai hawa.

1. Zaɓi irin da zai yi maka fure duk tsawon lokacin

Ba kowane wardi ke maimaita fure ba. Tsofaffin irin Turai da na Gabas ta Tsakiya, har da yawancin wardin Dimashƙa da ake yin turare da shi, sau ɗaya suke fure a shekara, na 'yan makonni, sai kuma baɗi. Halin maimaita fure daga wardin ƙasar Sin aka samo shi, bayan an kai shi Turai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka haɗa shi da na can. Daga wannan haɗin aka samu La France a Faransa a 1867, wanda ake ɗauka shi ne na farko a dangin Hybrid Tea. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: yana maimaita fure?

Hybrid Tea yana ba da fure ɗaya babba a kan dogon reshe, shi ya fi kyau a yanka a sa a kwalba, amma ya fi kowa son a lallaɓa shi. Floribunda furensa bai kai wancan girma ba, sai dai tsumagiya guda takan ɗauko fure da yawa lokaci ɗaya, kuma ya fi juriya. Ni dai idan mutum zai fara, Floribunda ko wardi mai yin kurmi nake ce masa ya ɗauka. Iceberg, farin wardin da gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958, yana jure zafi kuma ba ya gajiya da fure. Knock Out, wanda ya fito a Amurka a 2000, an san shi da jure cutar baƙin tabo, sai dai ƙanshinsa kaɗan ne. Inda rana ke da ƙarfi sosai, fure mai launi ja mai duhu gefensa kan ƙone ya yi baƙi, fari da ruwan hoda da rawaya mai haske sun fi tsira.

Wajen saye, ka juya ganye ka duba bayansa. Ka nemi mai rassa masu kauri uku ko fiye, ganye kore shar, babu tabo. Kada furen da ke kansa ya ruɗe ka. Ka duba ƙasan tukunyar ma: idan saiwa ta fito ta dunƙule a waje, ya daɗe a matse.

2. Wurin da za a sa shi

Wardi na buƙatar rana kai tsaye ta aƙalla awa 6 a yini, kuma ranar safe ta fi masa amfani, domin ita ke busar da raɓa daga ganye kafin cuta ta kama. Inda zafi ke wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, wurin da ya fi shi ne mai samun rana daga hantsi zuwa azahar, sannan inuwa ta rufe shi da yamma.

Kada ka dasa shi a gindin babbar bishiya, za ta cinye masa ruwa da taki. Kada kuma ka manna shi da bangon da rana ke duka da yamma, domin bango na riƙe zafi yana mayar masa har cikin dare. Ka bar aƙalla santimita 45 tsakaninsu. Tsakanin wardi da wardi kuwa santimita 60 zuwa 90, mai hawa kuma mita 2 ko fiye. Wannan tazarar don iska ce, kuma a wuri mai gumi ita ce rabin maganin cuta.

3. Gwada ƙasa, sannan haƙa rami

Haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan na biyun ya shanye cikin 'yan awoyi, ƙasar ta yi. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, saiwar wardi za ta ruɓe a nan. Mafita ita ce ka tayar da kunya mai tsayin santimita 25 zuwa 30 ka dasa a kanta, ko ka koma tukunya.

Ramin dashe ya kai santimita 50 faɗi, 45 zurfi. Ƙasar da ka fitar ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya taki. Haka za ka yi ko ƙasar yashi ce ko yumɓu: a yashi takin yana riƙe ruwa, a yumɓu yana buɗe ta iska ta shiga. Kuskuren da ake yawan yi shi ne zuba ɗanyen kashin dabba a ramin. Zai ƙone sabuwar saiwa, musamman kashin kaji. In ba ka da ruɓaɓɓe, gara ka dasa a ƙasa zalla ka ƙara takin daga sama in ya nuna.

Wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH. Ba lallai ka auna ba, shukar da kanta za ta nuna maka, kuma zan faɗi alamar a mataki na 7. Amma kada ka riƙa zuba toka da yawa a gindinsa, tana rage tsamin ƙasa.

Mai amfani da tukunya ya samu wadda faɗinta da zurfinta suka kai santimita 40 zuwa 45, mai huji a ƙasa. Baƙar tukunyar roba na ɗaukar zafi har ta dafa saiwar da ke gefe. Idan ita kaɗai gare ka, ka saka ta cikin wata da ta fi ta girma, ko ka naɗe ta da buhu.

4. Dasawa

Wardin da ake sayarwa tsirara babu ƙasa a saiwarsa, lokacin sanyi ake dasa shi, kada ka gwada shi cikin zafi. Wanda ke cikin tukunya ko leda ana iya dasa shi, amma da yamma, ko ranar da hadari ya rufe rana.

Ka shayar da shi sosai awa ɗaya kafin ka cire shi, don ƙasar ta riƙe saiwa. Ka zare shi a hankali ba tare da dunƙulen ya fashe ba. A gindin yawancin wardin saye za ka ga wani kumburi inda rassa suka fito: nan ne aka yi masa aure, wato aka ɗora irin mai kyawun fure a kan gindin wani mai ƙarfin saiwa. A ƙasashe masu ɗumi ana barin wannan gaɓar daidai da saman ƙasa. Inda sanyi ke daskarar da ruwa, ana binne ta da kamar santimita 5. Ka mayar da ƙasa, ka danna da hannu, ka yi masa ɗan kewaye kamar kwano don ruwa ya tsaya, ka zuba bokiti guda cike.

Makonni biyun farko ka yi masa inuwa da rana tsaka. Idan ya zo da fure ko toho a kansa, ka cire. Na san abin da ciwo, amma ƙarfin da zai kashe a kan furen nan saiwa ce ke buƙatarsa.

5. Ban ruwa

A nan ake samu, a nan ake rasawa. Ƙa'idar ita ce ruwa mai yawa jefi-jefi, a gindi, da safe.

Wardin da ya kafu a ƙasa yana buƙatar lita 10 zuwa 20 a mako idan zafin matsakaici ne. Idan zafi ya tsananta, ko ƙasar yashi ce, ka ba shi bokiti guda sau biyu ko uku a mako. Sabon dashe duk kwana biyu. Na tukunya kullum, wani lokaci safe da yamma, kuma ka zuba har sai ruwa ya fito ta hujin ƙasa.

Dalilin da ya sa yayyafin kullum ke cutarwa shi ne ruwan ba ya wuce saman ƙasa. Saiwa kuwa inda ruwa yake take bi, sai ta taru a sama, inda rana ke gasa ƙasa. Ranar da ka yi fashin ban ruwa sai shukar ta langaɓe. Ruwan da ya nutse santimita 30 zuwa 40 yana jan saiwa ƙasa inda akwai sanyi. Don haka ka zuba a hankali, rabin bokiti, ka jira ya shige, ka ƙara sauran. Idan da tiyo ne, ka rage ƙarfinsa ka ajiye shi a gindin na 'yan mintuna.

Kada ka dogara da lissafin kwanaki kaɗai. Ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. In ka ji laima, ka bari sai gobe. In ta bushe, ka zuba. Wannan gwajin yana da muhimmanci saboda wardin da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishi ke damu kusan kama ɗaya suke yi, duka biyun suna yaushi. Bambancin shi ne mai ƙishi gefen ganyensa na bushewa ya yi ƙamas, kuma yana farfaɗowa bayan an ba shi ruwa. Wanda ruwa ya yi wa yawa ganyensa na ƙasa ke yin rawaya yana zuba, ƙasar kuma a jiƙe take. Mutum ya ga yaushi ya ƙara ruwa ba tare da ya taɓa ƙasa ba, sai ya ƙarasa shi. Haka kuma ɗan yaushin tsakar rana a ranar zafi ba komai ba ne, muddin da sassafe ka tarar ya miƙe.

Kada ka jiƙa ganye da yamma. Kuma idan tiyo ya yini a rana, ka zubar da ruwan farko a gefe har sai mai sanyi ya fito.

Inda ruwa ke wuya, ka huda ƙananan huji a gindin gorar roba mai lita 2, ka binne ta kusa da shukar bakinta a waje, ka riƙa cika ta. Tulun ƙasa marar fenti da aka binne har wuya ya fi ta aiki, yana tsatsar da ruwa a hankali daidai inda saiwa take. Ruwan wanke kayan lambu ana iya amfani da shi, amma ban da mai omo, gishiri ko bilic.

6. Rufe ƙasa

Bayan ka shayar da shi sosai, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ganye ko ɓawon itace a kewayensa, kaurin santimita 5 zuwa 8, faɗin inda rassa suka kai. Wannan shimfiɗar na rage ƙafewar ruwa, tana sanyaya ƙasa, tana hana ciyawa fitowa, tana kuma hana ruwan sama fantsamo ƙwayar cuta daga ƙasa zuwa ganye. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak da zan yi wa wardi a lokacin zafi bayan ruwa, wannan zan zaɓa.

Ka bar tazarar yatsu huɗu tsakanin shimfiɗar da jikin gindin, don kada ya ruɓe. Inda gara ke da yawa, ka guji ɓawon itace da dusar katako, ka yi amfani da ruɓaɓɓen taki, kuma ka riƙa ɗaga shimfiɗar kana dubawa. Tsakuwa ba ta dace da rufe ƙasa a wuri mai zafi ba. Ciyawar da ta ɓullo kuma da hannu ake cire ta, domin wardi na da ƙananan saiwoyi kusa da sama waɗanda fartanya ke yankewa.

7. Taki

Wardi mai maimaita fure yana da ci. Ka ba shi taki a farkon lokacin tsiro, sannan bayan kowane zubin fure ya wuce. Ga wanda ya kafu, ɗan cikin tafin hannu ɗaya na takin zamani ya isa, ko ka bi abin da aka rubuta a jikin buhun. Ka barbaɗa shi a kewaye, nesa da gindi da kamar santimita 15, ka shayar kafin ka zuba da kuma bayan ka zuba. Taki a busasshiyar ƙasa ƙona saiwa yake yi. Sabon dashe kada a ba shi takin zamani sai ya yi furensa na farko a wurin. Na tukunya ya fi son takin ruwa, rabin ƙarfin da aka rubuta, duk mako biyu.

Ka guji yuriya zalla. Za ta ba ka ganye mai yawa mai taushi, fure kaɗan, sannan darɓa, ƙananan ƙwarin da ke cunkushewa a kan toho, ta taru a kai. Idan babu takin zamani, ka zuba ruɓaɓɓen taki kaurin yatsu biyu a ƙarƙashin shimfiɗa duk wata biyu. Aikinsa a hankali yake, amma ba ya ƙonawa.

Ganye na faɗin abin da ya rasa. Idan tsofaffin ganyen ƙasa suka koɗe gaba ɗaya, naitirojin ne ya yi ƙaranci. Idan sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu na nan kore, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa ɗauka, galibi saboda ƙasar ba ta da tsami ko ruwa ya yi yawa. Ƙarin NPK ba zai gyara wannan ba. Ka rage ruwa idan shi ne, ka ƙara takin gargajiya, ka nemi takin ƙarfe na musamman da ake narkawa a ruwa.

8. Cire furen da ya tsufa

Idan aka bar fure ya bushe a kan reshe, shukar za ta koma yin 'ya'ya, ta rage sabon fure. Shi ya sa ake cire shi da zarar fallayensa sun fara saki.

Ka dubi ganyen wardi: kowane ganye ƙanana ne a jere a kan sili ɗaya. Na kusa da fure yawanci uku ne, na ƙasa da su biyar. Ka gangaro zuwa ganye mai biyar na farko da ke fuskantar waje. A hammatarsa akwai ido, daga nan sabon reshe zai fito. Ka yanka kamar rabin santimita a saman idon, a karkace, gangaren ya bi bayan idon don ruwa ya zurare. Ana zaɓar mai fuskantar waje ne don sabon reshen ya fita waje, tsakiyar shukar ta zauna a buɗe. Idan ka bar dogon guntu a saman ido, zai bushe ya yi baƙi, bushewar kuma na iya gangarowa.

A Floribunda, ka riƙa tsinke fure ɗaiɗai da suka tsufa cikin tsumagiyar, sai duk ta ƙare sannan ka yanke ta gaba ɗaya. A ƙaramin wardi da bai shekara ba, da kuma lokacin tsananin zafi, kada ka gangara ƙasa: ka ƙalle kan furen kawai ka bar kowane ganye. Ganye shi ke ciyar da shukar, shi ke yi wa rassa inuwa. Wanda ba ya maimaita fure kuwa cire tsohon furensa ba zai kawo sabo ba, kana iya barinsa ya yi jajayen 'ya'yansa, suna da kyaun gani kuma tsuntsaye na son su.

Cikin wannan zagayen ka cire duk reshen da ya mutu, ka yanka har inda cikinsa yake fari. Ka goge almakashi da sifirit kafin ka koma kan wata shukar. Ka kuma lura da reshen da ya fito daga ƙasan gaɓar aure, mai saurin girma, wanda ganyensa ya sha bamban da sauran. Na gindin da aka ɗora a kai ne, in ka bar shi zai rinjayi mai kyawun furen. Ka tone ƙasa har inda ya tsiro ka fizge shi, domin in ka yanke shi a sama zai dawo da 'yan'uwa. Amma ka tabbatar tukuna: jan toho mai kauri da ya fito daga kan gaɓar ko samanta shi ne mafi darajar reshe a jikin wardi.

Mai hawa kuma ka riƙa kwantar da dogayen rassansa a gicciye kana ɗaurewa sako-sako. Reshen da ya miƙe tsaye a ƙarshensa kawai yake fure, wanda aka kwantar kuwa yana fitar da fure a duk tsawonsa.

Idan ƙaya ta soke ka, ka wanke da sabulu nan take. Ciwon da ya kumbura ko ya ƙi warkewa a nuna wa likita, a kuma gaya masa ƙayar wardi ce.

9. Cuta da ƙwari

Ka riƙa zagayawa da safe kana juya ganye. Abin da aka gani da wuri hannu ma na maganinsa.

A zafi mai ruwa, babban abokin gaba shi ne baƙin tabo. Tabo ne baƙi mai gefe kamar gashi-gashi, ganyen ya yi rawaya a kewayensa sannan ya faɗi, daga ƙasa yana hawa sama. Funfuna ce ke kawo shi, kuma sai ganye ya daɗe a jiƙe, wajen awa 7, kafin ta kama. Ganyen da ya kamu ba ya warkewa. Ka tsinke shi, ka tsince wanda ya zuba, ka kai shara, kada ka sa cikin takin da kake tarawa. Maganin feshi na funfuna kare lafiyayyen ganye yake yi, don haka da wuri ake fara shi, ana maimaitawa yadda takardarsa ta ce. Wardin da duk shekara yake tsirara saboda wannan cuta, ra'ayina a cire shi a sa mai juriya.

Farar funfuna tana kama da an barbaɗa gari a kan sabon ganye da toho, ganyen ya nannaɗe. Tana son rana mai ɗumi da dare mai sanyi da raɓa, kuma ta fi kama shukar da ke fama da ƙishi ko wadda iska ba ta ratsa ta. Ka yanke inda ya kamu, ka gyara ban ruwa.

A zafi mai bushewa kuwa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari dangin gizo-gizo ne ke ɓarna. Da ƙyar ido ke ganinsu. Ganye zai yi ɗigo-ɗigon fari, ya koma kamar ƙura ta hau shi, a bayansa da siririyar yana. Ka kaɗa ganyen a kan farar takarda, in ka ga ɗigo na motsi su ne. Maganinsu ruwa: ka feshe bayan ganye da ƙarfi da sassafe, duk kwana biyu ko uku, na tsawon mako biyu. Korar ƙwari ce kaɗai ke sa in jiƙa ganye da gangan. Yawancin magungunan ƙwari ba sa kashe su, sai ma su kashe masu cinye su.

Darɓa, ƙananan ƙwarin nan kore ko ruwan hoda da ke cunkushewa a kan toho suna barin danƙo, ana murje su da yatsa ko a wanke su da ruwa. In sun yi yawa, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa a jikinsu kai tsaye. Man darbejiya ma haka, a haɗa shi da ɗan sabulu don ya gauraya da ruwa. Gargaɗi mai muhimmanci: kada ka fesa mai, sabulu ko farar wuta, wadda ake fesawa don funfuna, idan zafi ya wuce digiri 30 ko rana na kan ganye, zai ƙone. Kada kuma ka fesa farar wuta cikin mako biyu da fesa mai. Ka gwada a reshe ɗaya ka jira kwana biyu, kuma ka yi feshin lokacin da ƙudan zuma ba ya kan fure.

Idan ka ga an yanke gefen ganye zagaye sumul, wata irin zuma ce ke ɗiba don gina gidanta. Ba ta da illa, ka ƙyale ta.

10. Kwanakin tsananin zafi

Idan zafi ya haura digiri 32 zuwa 35 kwana da kwanaki, wardi na rage aiki. Fure zai ƙanƙance, launinsa ya koɗe, ya buɗe yau ya zube gobe, wani ma ya daina gaba ɗaya. Ba ciwo ba ne, kuma taki ba zai tashe shi ba. Ka dakatar da taki da feshi da yanka mai zurfi. Ka ƙara ruwa, ka ƙara kaurin shimfiɗa, ka kafa masa rumfar raga ko yadi mai shara-shara ta ɓangaren yamma, ba tare da ta taɓa ganye ba. Na tukunya ka janye su inda inuwar yamma take, ka ɗaga su daga kan siminti. Ganyen da ya ƙone ka bar shi a jiki, yana kare reshe daga rana. Da zafin ya sassauta sai ka rage tsawon rassa da kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ka ba shi taki da ruwa. Zubin da ke biyo baya sau da yawa shi ne mafi kyau a shekarar.

11. Yankan fure don cikin ɗaki

Da sassafe ake yanka, lokacin da reshe ke cike da ruwa kuma ƙanshi bai tashi ba. Masu noman wardin turare a Bulgeriya da Turkiyya da Iran da Ɗa'ifa tun asuba suke tsinka saboda wannan dalilin, domin sai an tara fiye da tan 3 na fure kafin a samu kilo ɗaya na mai, kuma rana na ɗagawa man ke raguwa.

Ka zaɓi tohon da korayen ganyen da suka rungume shi suka koma baya, falle ɗaya ko biyu sun fara buɗewa. Wanda ya ɗaure tamau ba zai buɗe a kwalba ba. Ka tafi da bokitin ruwa ka tsoma kowane reshe da zarar ka yanka, ka kuma bar aƙalla ganye biyu masu biyar-biyar a jikin uwar. Ka ajiye bokitin a wuri mai sanyi na awa biyu ko uku. Sannan ka cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, ka sake yanke santimita 2 daga ƙasa a karkace, ka jera a kwalbar da aka wanke tas.

Abin da ke kashe furen kwalba da wuri ƙwayoyin cuta ne da ke toshe hanyar ruwa a reshe. Ka canza ruwa duk kwana biyu kana ɗan rage gindin. A lita ɗaya kana iya sa ƙaramin cokali biyu na sukari, biyu na ruwan lemon tsami, da ɗigo kaɗan na bilic. Ka nisanta kwalbar daga rana, iskar fanka da 'ya'yan itacen da ke nuna, domin suna fitar da wata iska mai tsofar da fure. Da haka zai kai kwana 5 zuwa 7. Wanda ya sunkuyar da kai, ka sake yanke gindinsa a cikin ruwa, ka kwantar da shi gaba ɗaya cikin ruwa mai ɗan ɗumi na kamar awa ɗaya, sau da yawa yana miƙewa.

Fallayen masu ƙanshi kuma ana baza su a kan takarda a inuwa, inda iska ke wucewa, su bushe cikin kamar mako guda, a zuba a kwalba mai murfi a riƙa buɗewa a ɗaki ko a sa cikin tufafi.

12. Ƙara yawansu, da rufe lokaci

Reshen da ya gama fure yanzun nan, mai kaurin fensir, shi ya fi kamawa. Ka yanki santimita 15 zuwa 20, yankan ƙasa dab da ƙarƙashin ido. Ka cire furen da ganyen ƙasa, ka bar biyu a sama. Ka soka rabinsa cikin tukunya mai yashi da ruɓaɓɓen taki rabi da rabi, ka shayar, ka kifa masa gorar roba da aka yanke gindinta, ka ajiye a inuwa mai haske. Ka yi biyar ko shida lokaci ɗaya, domin ba duka ke kamawa ba. Saiwa na fitowa cikin mako 4 zuwa 8. Kada ka riƙa zaro shi kana dubawa, kuma sabon ganye a makon farko ba shaida ba ce, ka jira ka ga saiwa ta leƙo ta hujin tukunya. Wasu sababbin iri doka ta hana a yaɗa su ba da izinin mai su ba, ana rubuta hakan a takardar da ke rataye a jikinsu.

Inda sanyi mai daskarar da ruwa ke biyo bayan zafi, ka daina ba da taki mako 6 zuwa 8 kafin ya sauka, ka kuma bar furen ƙarshe ya yi 'ya'ya, don kada sanyin ya tarar da ɗanyen toho. Inda babu irin wannan sanyin, ka ci gaba da ruwa da taki yadda ka saba, babban sassabe kuma ka ajiye shi sai watan da ya fi kowane sanyi a shekara.